Jinjina ga Masu Amsa Kiran Sunaye a Texas A&M

Kowace ranar 21 ga Afrilu, ɗalibai da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Texas A&M ta Amurka sukan taru duk inda suke a duniya. Ana karanta sunayen 'yan makarantar da suka rasu a shekarar, ɗaya bayan ɗaya. Duk sunan da aka kira, sai aboki ko ɗan'uwa ya amsa a madadinsa, a kunna kyandir.

Yaƙi ne ya ƙara wa al'adar nauyi. A 1942 sojojin Japan na ruwan wuta a tsibirin Corregidor na Filifin, amma Janar George Moore, tsohon ɗalibin jami'ar, ya sa aka tattara sunayen 'yan makarantarsu da ke tare da shi. Ranar 6 ga Mayu tsibirin ya faɗi, wasunsu kuma ba su sake ganin gida ba. Fiye da mutum 900 jami'ar ta rasa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Masu amsawar nan su nake jinjina wa. Gina hasumiya abu ne na kuɗi, a yi a gama. Tsayawa kowace shekara a amsa sunan wanda ba zai ƙara amsawa ba kuwa, riƙon amana ne, kuma yaran da aka haifa shekaru da dama bayan yaƙin sun karɓe shi hannu bibbiyu. Haka ma zauren ɗaliban jami'ar da aka keɓe a 1951 domin waɗanda suka kwanta dama a fagen fama, har yau sai an cire hula ake shigarsa, ba a kuma taka ciyawar da ke kewaye da shi.