Taken Yaƙin Neman Zaɓe: Nazarin Kalmomin Adawa a Senegal, Nijeriya da Ghana

1.0 Gabatarwa

Abu ne mai wuya a kayar da shugaba mai ci ta hanyar ƙuri'a. Duk da haka an yi a Senegal a 2000, a Nijeriya a 2015, a Ghana kuma a 2016. Wannan takarda za ta kwatanta kalmomin da 'yan adawa suka riƙe a ƙasashen uku, domin ɗalibi ya ga abin da kowace kalma ta faɗa da abin da ta ɓoye.

2.0 Sopi

A harshen Wolof, sopi na nufin sauyawa. Da ita Abdoulaye Wade ya yi yaƙi da Abdou Diouf, wanda jam'iyyarsa ta shekara 40 tana mulki. A zagayen farko Diouf ne a gaba. A zagaye na biyu, ranar 19 ga Maris 2000, manyan 'yan takarar adawa suka mara wa Wade baya, ya sami kashi 58 cikin ɗari. Abin lura shi ne kalmar ba ta faɗi abin da za a sauya ba. Wannan giɓi ne ya ba masu ra'ayin gurguzu da masu ra'ayin jari-hujja damar shiga inuwa ɗaya, kowa ya cike shi da burinsa.

3.0 Canji da Sai Baba

A 2013 jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka haɗe suka zama APC, alamarsu tsintsiya. A Maris 2015 Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a miliyan 15.4, Goodluck Jonathan miliyan 12.9. A ƙasar Hausa take biyu aka fi ji:

(1) Canji!
(2) Sai Baba!

Misali na (1) aro ne daga Ingilishi, ga shi kuwa muna da sauyi. Amma canji kalmar kasuwa ce da tasha, wadda kowa ya saba da ita a bakin mai tebur da yaron mota, kuma Bayarabe da Ibo suna jin asalinta. A Nijar ma ta shiga sunan jam'iyya, wato RDR-Canji da Mahamane Ousmane ya tsaya a ƙarƙashinta a 2020. Shi kuwa misali na (2), sai tana aikin keɓancewa ne, ma'ana babu kowa in ba shi ba. Ke nan na farko ya kore mai ci, na biyu ya tara fata duka a kan mutum guda. Babu wanda ya ambaci wani aiki a cikinsu.

4.0 Dumsor

Ghana ta bambanta. Kalmar da ta fi yi wa John Mahama illa ba a ofishin jam'iyya aka ƙirƙire ta ba. Jama'a ne suka harɗa aikatau biyu na harshen Twi, dum (kashe) da so (kunna), suka raɗa wa yawan ɗauke wutar lantarki suna. Kalmar ta nuna ciwo takamaimai wanda mai walda da mai sayar da ƙanƙara suka sani. Nana Akufo-Addo ya ɗora mata alkawura masu ƙirguwa, kamar masana'anta guda a kowace gunduma, ya ci zaɓen Disamba 2016 da fiye da kashi 53 cikin ɗari.

5.0 Kammalawa

Bai kamata a ɗauka kalma ce kaɗai ta kayar da waɗannan shugabanni ba. Wade ya faɗi sau huɗu kafin 2000, Buhari sau uku kafin 2015. Sai da adawa ta haɗa kai sannan taken ya yi tasiri. Haka kuma take ba ya da ubangida. A 2012 kiran sauyi ya koma kan Wade, Macky Sall ya kayar da shi da kusan kashi 66. A 2024 jam'iyyar Akufo-Addo ta faɗi, Mahama ya dawo.

A ganina, sopi da canji sun fi iya tara jama'a, amma dumsor ta fi su amfani ga mai zaɓe, domin ana iya auna ta: ko an kawo wuta, ko ba a kawo ba. Saboda haka duk taken da ɗalibi ya ji, ya nemi mai aikin da abin da za a aikata a cikinsa. In bai same su ba, to ba a yi masa alkawarin komai ba.