Rabe-raben Yaƙi a Muƙaddimar Ibnu Khaldun: Tarke Bisa Ma'aunin Yaƙin Iran da Iraƙi

Gabatarwa

A babi na uku na Muƙaddima, wadda Ibnu Khaldun (1332-1406) ya rubuta a shekarar 1377 a Ƙal'atu Ibnu Salama ta ƙasar Aljeriya ta yau, akwai fasali a kan yaƙi da dalilansa. Ɗalibai kan haddace rabe-rabensa ba tare da sun gwada su a kan wani yaƙi na zahiri ba. Wannan maƙala za ta auna su da yaƙin Iran da Iraƙi (1980-1988), domin a ga inda ma'aunin ya riƙe da inda ya gaza.

Abin da fasalin ya ƙunsa

A ra'ayin Ibnu Khaldun, tushen yaƙi shi ne son ɗaukar fansa, kuma asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan jama'a, ita ke tara wa kowane ɓangare mayaƙa. Ya kasa dalilai gida huɗu: kishi da gasa tsakanin maƙwabta, ƙetare haddi irin na masu rayuwa da ganima, fushi domin Allah da addininsa, sai kuma yaƙin daula da waɗanda suka fita daga ɗa'arta. Biyun farko ya kira su zalunci da fitina, biyun ƙarshe jihadi da adalci.

Inda ma'aunin ya riƙe

Gasar maƙwabta a fili take a wannan yaƙi. Yarjejeniyar Aljiyas ta 1975 ta raba ruwan Shattul Arab tsakanin ƙasashen biyu, kuma Saddam Hussaini ya ɗauke ta a matsayin ƙasƙanci da Shah ya tilasta masa. Da juyin juya halin 1979 ya raunana sojan Iran, sai ya soke yarjejeniyar, ya tura dakaru lardin Khuzistan mai arzikin mai ranar 22 ga Satumba, 1980. Wannan ita ce fansar da malamin ya sa a tushe.

Haka nan ya lura cewa yawan runduna da makamai ba su lamunce nasara, domin akwai ɓoyayyun dalilai da ke cikin zukata. Bagadaza ta yi tsammanin sabuwar gwamnatin Tehran za ta rushe cikin ɗan lokaci, sai harin ya haɗa kan Iraniyawa a bayanta.

Inda ya gaza

Na farko, an gina rabe-raben ne a kan niyya, kuma babu mai mulkin da ke sa kansa a sahun azzalumai. Saddam ya sa wa yaƙin sunan Ƙadisiyya, yana aron darajar yaƙin da Musulmi suka ci Farisa a zamanin Sayyidina Umar (RA). Iran ta kira shi tsaro mai tsarki, ta kuma sa wa jerin hare-harenta sunan Karbala. Kowane ɓangare ya zaɓa wa kansa sahu na uku, alhali masu kashe juna duk masu salla ne. Fasalin bai ba mai karatu hanyar rarrabe da'awa da gaskiya ba.

Na biyu, ya ɗauki yaƙi kamar abu mai fuska ɗaya daga farko har ƙarshe. A watan Mayun 1982 Iran ta ƙwato Khurramshahar, sannan a Yuli ta tsallaka iyaka ta nufi Basra. Wanda aka far wa jiya ya zama mai kai hari, aka ƙara shekara shida ana zubar da jini. Ko da hujjar kare kai ta tabbata a 1980, tilas a sake tambayar hukuncinta bayan 1982, kuma gidaje huɗun ba su da gurbin wannan tambaya.

Na uku, babu wurin masu hura wuta daga nesa. Tarayyar Sobiyet da Faransa sun sayar wa Iraƙi makamai, Kuwait da Saudiyya sun ba ta rance, Amurka ta tallafa mata, kuma a 1985 da 1986 ta sayar wa Iran makamai a ɓoye. Ba laifin marubucin ƙarni na 14 ba ne da bai ga wannan ba, laifin yana kan wanda ya ɗauko ma'auninsa a yau bai ƙara masa komai ba.

Sakamako da zancen sulhu

An rasa rayuka ɗaruruwan dubbai. A Maris 1988 an kashe kimanin mutum 5,000 da iska mai guba a Halabja. An tsagaita wuta ranar 20 ga Agusta, 1988 bisa ƙuduri na 598 na Kwamitin Sulhu, iyaka kuma tana inda take. Bashin da ya danne Iraƙi yana cikin abin da ya kai ta mamaye Kuwait a Agustan 1990, kuma a cikin watan ne Saddam ya koma ya amince da sharuɗɗan 1975 da ya yi yaƙi domin rushe su.

Aya ta 9 ta Suratul Hujurat ta ɗora wa sauran muminai nauyin sulhunta ɓangarori biyu masu faɗa, da tsayawa a kan wanda ya yi zalunci har ya dawo. Taron ƙolin ƙasashen Musulmi na Ɗa'ifa a 1981 ya kafa kwamitin sulhu wanda Shugaba Seku Ture na Gini ya jagoranta, amma bai iya tsayar da yaƙin ba. Ayar tana magana ne da na gefe, fasalin kuwa da mayaƙa kaɗai ya shagala.

Kammalawa

Ya kamata a karantar da wannan fasali a matsayin nazarin tarihi, kada a ɗauke shi fatawa. A haɗa shi da babin bugatu da na sulhu a fiƙihu, da kuma fasalin da Ibnu Khaldun da kansa ya nuna yadda zalunci ke rushe raya ƙasa. Wanda ya tsaya a gidaje huɗun kawai zai iya halatta kowane yaƙi da mai mulki ya raɗa wa suna mai daɗi.