Fatalwa da Asirin Gida: Salon Labarin da Sakkwato Ke da Kayan Haɗinsa

A ƙasashen Ingila da Amurka akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da marubuta Kiristoci suka daɗe suna raino. Marubuci zai ɗauki tsohon gida ko majami'a, ya binne wani laifi a zamanin kakanni, sannan ya sa jika ya fara jin motsi da dare. Ginshiƙansa huɗu ne: tarihi, bincike, tsoro da imani. Wilkie Collins ya share fagen asirin gida da mace mai kama da fatalwa tun wajen 1860. G. K. Chesterton ya kawo Fada Brown a 1910, limamin Katolika mai gano mai laifi saboda ya saba jin ikirarin masu zunubi. Ellis Peters kuma ta fara labaran Cadfael, wani ɗan zuhudu mai bincike, a 1977, ta mai da mai karatu ƙarni na 12.

Abin da ya raba wannan salo da labarin ɗan sanda shi ne ƙarshensa. Can burin shi ne a sa wa mai laifi ankwa. Nan kuwa ana son ya furta da bakinsa, ya tuba, wanda aka zalunta ya yafe ko ya ƙi. Fatalwar ma yawanci ba matacce ba ne ya dawo, domin koyarwar Kirista, kamar ta Musulunci, ba ta yarda mamaci na yawo a tsakar gida ba. Alhaki ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, shi kuwa kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Hausa ba baƙuwa ba ce a nan. A tsakiyar shekarun 1930, John Tafida na Wusasa, cibiyar Kiristocin Hausawa a Zariya, ya haɗa kai da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi. Attajiri ya yi amfani da dukiya ya raba saurayi da budurwarsa, saurayin ya shiga daji neman sihiri, sammun ya faɗa kan ɗan da ta haifa wa attajirin, har yaron ya zama ɓarawo ya hallaka mahaifinsa bai sani ba. Ba wa'azin coci a littafin, mutanen cikinsa ma Musulmi ne, amma ƙashin bayansa shi ne na wannan salo: laifin iyaye da aka rufe ya tashi a jikin ɗa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ɓangaren tarihi, inda bauta ta raba uwa da ɗa har ƙetaren Sahara.

Abin da ke damuna shi ne an bar wannan turba ta yi ciyawa, alhali birni kamar Sakkwato cike yake da kayan aiki. A nan Baturen nan Hugh Clapperton ya rasu a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A Giginya aka gwabza da sojan Ingila ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har ya yi shahada a Burmi, wasu mabiyansa suka zarce Sudan suka zauna a Mai Wurno. Gida nawa ya rabu biyu a wannan tafiya? Ga garin Satiru da aka rushe a 1906. Ga asibitin kutare na Amanawa da 'yan mishan na ƙungiyar SIM suka riƙe, inda majinyata kan yi shekaru nesa da danginsu. A irin wuraren nan ne zuri'a ɗaya kan wayi gari wani na sallah a Masallacin Shehu, ɗan'uwansa na sujada a majami'a.

A ce budurwa ta buɗe adakar kakarta bayan rasuwa, ta tarar da wasiƙar ajami naɗe cikin tsumma, tare da Littafi Mai Tsarki na Hausa bugun 1932. Waye ya rubuta? Me ya sa tsohuwa ta hana a shiga ɗakin ƙurya shekara da shekaru? Tafiyar yarinyar daga unguwar Kanwuri zuwa taskar tarihi ta Waziri Junaidu kaɗai ta isa littafi.

Sai dai salon na da ramuka. Wanda ya mai da labari mumbari, ya sa duk mugu a addinin da ba nasa ba, ya kashe adabi kuma ya kunna wuta a garin da ke buƙatar zaman lafiya. Wanda ya jingina ƙarya ga gidan sarauta ko zuri'a sananniya ya ci amana, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda kuma ya bar aljani ya warware kowane ƙulli ya cuci mai karatu, domin daɗin bincike yana ga bin sawu da hankali.

Marubutan Sakkwato, Musulmi da Kirista, da ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su zauna da tsofaffi tun suna raye, su karanta takardun tarihi, su sauya sunaye, sannan su rubuta. Al'ummar da ta iya duban tabon gidanta a cikin labari ta fi saurin yafe wa juna a zahiri.