Soyayya Bayan Ɗaurin Aure a Ƙagaggun Labaran Hausa

Idan muka nazarci littattafan soyayya na Hausa, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid (1980) zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), za mu tarar cewa ƙarfin marubutan ya ƙare ne a kan gwagwarmayar neman aure. Da zarar an kai amarya, sai kunya ta kama alƙalami.

Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa na cikin waɗanda suka tsallake wannan shinge. A littattafanta, ta nuna cewa jin daɗin shimfiɗa halal ne ga ma'aurata, kuma ta yi hakan cikin sakaya, ta hanyar turare da kwalliya da tattausan lafazi, ba tare da batsa ba.

Sai dai muna ganin giɓi a nan. Akasari mace ake ɗora wa nauyin faranta rai, namiji kuwa mai karɓa ne kawai, alhali shari'a ta ba wa mace haƙƙin gamsuwa a wajen mijinta. Muddin adabinmu bai koya wa maza sauke wannan haƙƙi ba, rabin darasi kurum ya bayar.