Idan MGB Ta Zauna, Ina Laifin Yake?

A cikin al'adar raya tsofaffin motocin tsere ta Ingila, MGB na cikin motocin da suka fi tara masoya. An ƙera ta a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan, kuma har yau ana buga mata sababbin kayan gyara. Ciwon da ya fi damun masu ita shi ne zama: bayanta ya sauka, ko ta karkata gefen direba. A ganina, gyaran da ya amsa sunansa shi ne wanda ya mayar da ita tsayin da ta fito da shi daga masana'anta, bayan an gano ainihin abin da ya saukar da ita.

Da yawa kan fara da sauya shokozoba, alhali ba ita ke ɗauke da nauyin mota ba. Aikinta kashe rawar sifirin ne kawai. Nauyin yana kan naɗaɗɗen sifirin a gaba, da sifirin mai ganye a baya, irin na akori-kura. Shekaru na sa ganyen su miƙe, lanƙwasarsu ta ragu, robar bushin kuma ta ruɓe. Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari. Jikin MGB da ƙashinta abu guda ne, don haka idan tsatsa ta ci inda sifirin ke rataye, ko ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, motar za ta karkata ko da sifirin sabo ne fil. Shi ya sa makaniken kirki yake fara awo a daidaitacciyar ƙasa, daga tsakiyar kowace taya zuwa jikin mota, kafin ya taɓa sifana. In ya zo sauyi, hagu da dama yake sauyawa tare, ba kuma ya ƙarasa ɗaure notin bushin sai motar ta sauka kan tayoyinta, domin robar da aka ɗaure a rataye murɗewa take yi ta tsage.

Wasu za su ce tsayin inci ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Tarihin motar da kansa ya amsa musu. A 1974 kamfanin da ke ƙera ta ya ɗaga ta, ya sa mata bambar roba don cika dokokin Amurka, sai ta soma jirkicewa a kwana, har aka koma gyara hakan a samfurin 1977. Idan injiniyoyinta sun sha wahala da ɗan wannan sauyi, mai cusa ƙarfe ko roba don ya ɗaga gefe guda ba shi da hujja.

Ƙalubale mafi nauyi daga masu son zamanantarwa yake: shokozoba ta zamani da bushin mai tauri sun fi daɗewa, me zai hana a sa? Gaskiya ne sun fi ƙarko, kuma mota ta mai ita ce. Sai dai shokozobar gaba a MGB ita ce kuma hannun da ke riƙe saman ƙafar taya, don haka sauya ta taɓa tsarin gaban ne gaba ɗaya, bushin mai tauri kuwa yana kai kowane gargada ga tsohon jiki. Masu sake lanƙwasa tsohon ganye don arha su ma su sani, ƙarfen da ya gaji yakan sake zama idan ba a gasa shi yadda ya kamata ba. Mai MGB da ta zauna, ya fara duba tsatsa kafin ya sayi komai.