Makami ko Jarumi: Sharhi a kan Littafin Smaldone game da Yaƙi a Daular Sakkwato

A shekarar 1977 ne Joseph P. Smaldone ya fitar da littafinsa mai suna Warfare in the Sokoto Caliphate, wanda har yanzu ɗalibin tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa ba ya iya tsallake shi. Jigon littafin shi ne yadda makami ke sauya tsarin sarauta. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun fara jihadi galibinsu 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa, da daula ta kafu sai doki da lifidi da sulke suka koma hannun sarakuna da hakimai, kana a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta fara ƙarfafa sarki ta hannun bayinsa. Wannan bayani ya zauna daram a kan tsakiyar ƙarnin, zamanin ribaɗi da hare-haren rani. Kalmomin yaƙi na Hausa da marubucin ya tattara ma abin yabo ne, musamman ga masu nazarin harshe.

Inda ma'aunin ya gaza shi ne farkon labarin da ƙarshensa, wato daidai inda manyan yaƙe-yaƙen suke. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ne ke da dawakai da 'yan lifidi da taimakon Abzinawa, amma rundunar da Abdullahi Ɗanfodiyo ya jagoranta ita ta yi rinjaye. Idan aka ce kibiya ce ta karya doki, to me za a ce game da Tsuntsuwa, 'yan watanni kaɗan bayan haka, inda jama'ar nan da makaman nan suka sha mummunan kaye, har aka rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200? Haka kuma aka ji jiki a Alwasa a 1805. Baka bai sake ba tsakanin waɗannan ranaku. Abin da ya sake shi ne yunwa, da gajiya, da wanda ke riƙe da tuta, da kuma yadda mayaƙa ke jin maganarsa. Ba wai Smaldone bai san da wannan ba ne, sai dai sha'awarsa ta fi karkata ga tsari, shugabannin yaƙi irin su Aliyu Jeɗo da Muhammadu Bello kuwa sukan zama misalai kawai. Alhali Tazyinul Waraƙati na Abdullahi cike yake da kukan mai jagora a kan halin mabiyansa, kukan da ya kai shi ga barin runduna ya nufi Kano a 1807.

Matsalar ta fi fitowa fili a 1903. Babu mai musun cewa bindiga mai ruwa ce ta tarwatsa mahaya a Giginya ranar 15 ga Maris, kuma yaƙin bai daɗe ba. Amma wannan shi ne mafi sauƙin ɓangaren tambayar. Mai wuyar ita ce dalilin da ya sa Waziri Buhari ya zaɓi sulhu, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, talakawa kuma suka bar gonakinsu gab da damina suka bi shi gabas. A Burmi an kori Turawa a karon farko cikin watan Mayu, sai a ranar 27 ga Yuli garin ya faɗi, Attahiru ya rasu a fagen fama, Manjo Marsh na ɓangaren Turawa shi ma ya mutu. Mutanen da suka tsaya a Burmi sun riga sun ga aikin bindiga mai ruwa a Kano da Sakkwato, ba jahilci ne ya tsayar da su ba. Hujjarsu tana cikin fatawoyin malamai a kan hijira da waƙoƙin ajami na zuwan Nasara, kuma waɗannan ba su sami gurbin da ya dace da su a littafin ba.