Kama da Wane Ba ta Wane Ba: Nazari a kan Gidan Rubens da Lambunsa

A birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam akwai wani gida da hukuma ta sa cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Shi ne gidan shahararren mai zanen nan, Peter Paul Rubens, wanda ya saye shi a 1610 bayan ya shafe shekara takwas a Italiya, ya kuma zauna a ciki har rasuwarsa a 1640. Tambayar da nake son in ɗora wannan nazari a kanta ita ce: a cikin abin da baƙo ke gani yau, nawa ne na Rubens, nawa ne kuma na waɗanda suka gyara gidan?

Abin da Rubens ya tarar tsohon gida ne irin na mutanen Filandas, na jan bulo da ƙananan tagogi. A gefensa ya gina katafaren ɗakin aiki bisa salon fadojin Italiya, sa'an nan ya haɗa sassan biyu da wata doguwar ƙofar dutse mai baka uku, irin wadda Rumawa kan gina don murnar nasara. Wanda ya shigo daga titi, idonsa zai ratsa tsakar gida, ya bi ta bakan tsakiya, ya sauka a kan wata rumfar dutse a ƙarshen lambu. A ganina, gwanintar gidan duka tana cikin wannan miƙaƙƙen layi, domin mai zane ne ya tsara fili kamar yadda yake tsara hoto, da gaba da tsakiya da nesa.

Bayan rasuwarsa gidan ya yi ta sauya hannu, masu shi na ƙarni na 18 kuma suka rushe, suka sāke, har kamanninsa suka ɓace. Hukumar birnin ta saye shi a 1937, aka danƙa gyaransa ga Emiel Van Averbeke, aka buɗe shi ga jama'a a 1946. Babban madogarar magina ita ce hotuna biyu da Jacobus Harrewijn ya zana a 1684 da 1692, wato fiye da shekara arba'in bayan mai gidan ya kwanta dama. Cikin ginin duka, ƙofar nan mai baka uku da rumfar lambu ne kawai suka iso gare mu kusan yadda ya bar su.

Nan ne sukata take. Hoto a takarda ba ya faɗa wa magini kaurin bango ko launin fenti. Masana sun nuna cewa adon da ke jikin bangon ɗakin aikin da fenti aka yi shi tun asali, don ya yaudari ido ya zaci sassaƙa ce, amma masu gyara suka mai da shi sassaƙa ta gaske. Da haka suka kashe wasan da Rubens ya yi da idon baƙinsa, wasan da shi ne sana'arsa. Kayan ɗakunan ma yawancinsu na zamaninsa ne kurum, bai taɓa mallakarsu ba. Kama da wane ba ta wane ba.

Duk da haka ba zan ce an yi aikin banza ba. Da an bar ƙofar da rumfar su kaɗai a tsakanin gine-ginen baya, da layin da ya haɗa su ya yanke, da kuma ba wanda zai fahimci dalilin gina su. Sabon bangon ya zama firam ga tsohon dutsen. Laifinsa ɗaya ne: ya yi kama da tsoho ƙwarai, har baƙo ba ya iya rarrabewa sai an gaya masa.

Lambun ya fi gidan gaskiya. Ba wanda zai tsaya gaban furen da aka dasa bara ya zaci hannun Rubens ne ya shuka shi. Da aka sabunta shi a 2024, masu tsarawa sun koma ga tsirran da aka sani a Antwerp ta ƙarni na 17, sun kuma bar layin nan a buɗe. Lambu kan bushe ya sāke tohowa kowace shekara, saboda haka kowa ya san tsarin ne ake gado, tsiron kuwa na yau ne.

Hukuncina shi ne, gidan ya cancanci kariyar da doka ta ba shi, amma da sharaɗi. Wajibi ne masu kula da shi su riƙa nuna wa baƙo a fili inda aikin ƙarni na 17 ya tsaya da inda na ƙarni na 20 ya fara. Ɗalibin da ya tafi yana zaton duk abin da ya gani na Rubens ne, an tauye masa ilimi, an kuma tauye wa Van Averbeke haƙƙin a auna aikinsa da sunansa.